Labbo Mahauci da Tantanin Hancin Rago

Duk Gummi an san Labbo mahauci da baƙar zuciya, sai dai in an zo kan ɗiyarsa Husaina. Ita kaɗai Allah ya bar masa, ga ta da farfaɗiya. Idan ciwon ya tashi sai haƙora su datse, ko ruwa ba ya wucewa, balle ƙwayar magani. Kafin a nemo mai allura kuwa, ta gama jigata.

Wajen shekarar 2003 wata 'yar Bukkuyum, Aisatu, mai bincike a jami'a, ta zo mahauta da kular ƙanƙara. Tantanin cikin hancin rago take nema. Ta ce rainon ƙwayoyin halittarsa take yi a 'yan faranta, ta ɗiga magani a kai, ta ga ko zai ratsa. In ya ratsa, wata rana mai farfaɗiya ta hanci zai sha magani.

Labbo ya ajiye wuƙa. "Ta hanci kic ce, Malama?"

Tun daga ranar, kan rago ba ya zuwa babbaka sai ya tsaga shi da ɗuminsa ya ɓare mata tantanin. Abokan sana'a suka laƙaba masa Likitan Raguna, bai kula ba. Shi a zatonsa abin kamar shaƙen gargajiya ne, a daka yau a shaƙa gobe. Ina! An ɗauke wuta, ƙwayoyin sun mutu, a sake. Damina ta bi damina.

Ranar da ta zo da murnar maganin ya ratsa, sai ya miƙa hannu.

"Ba ni ɗan kaɗan in kai ma ɗiyata."

"Baba, ba a gwada shi ga mutum ba. Yana iya illata ta."

Ya yi faɗa, ya yi roƙo, ta ƙi tana hawaye. Gaskiyarta ce, amma ni har yau abin yana ci mini rai.

Da kaka ciwon ya kama Husaina tana wanki a bakin gulbi, ta faɗa ruwa, sai gawarta aka tsamo.

Aisatu ta zo gaisuwa, ba kular ƙanƙara a hannunta. Labbo ya amsa, sannan ya tambaye ta.

"Malama, raguna nawa sunka sha maganin ga?"

Bai jira amsarta ba.

"Matattu ma sun samu," in ji shi. "Husaina tana da rai ba ta samu ba."