Mai Neman Dogaye a Tashar Dutse

Akwai wani mutum a tashar Dutse, furfura ta fara cin gemunsa, usur a wuya, rigar ƙwallon kwando ta wata kwaleji duk ta koɗe a jikinsa. Ba tafiya zai yi ba. Ƙofar bas yake kallo, yana jiran wanda sai ya naɗe kamar tabarma kafin ya fito. Irinmu gajeru ko kallo ba ma samu. Ina jin koci ne, mai horar da 'yan wasa, dogon ɗan wasansa ya gama karatu ya bar gurbi, ga gasa ta matso.

Motar Miga ta tsaya, wani zanƙalele ya sauko da buhun riɗi. Kocin ya tare shi da sallama, gaisuwa ta ƙi ƙarewa. Ba gajiya yake tambaya ba, faɗin tafin hannun yake aunawa.

"Samari, ka gama sakandare?"

"Ranka ya daɗe, ai 'yata ce a sakandare."

Bai saki hannun ba. Ya ɗaga kai yana kallonsa kamar wanda jirgin Makka ya tashi ya bari. Can ya ce, a hankali, "Ita ma doguwa ce?"