Fatar da Na Yanka Ranar Juma'a

Wata Juma'a ta damina, shekara biyu kafin mulkin kai, na ɗauki wuƙar Baba na yanka jar fatar akuya da ba a sa ni ba. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina aji huɗu a lakwal, makarantar Nasara, kaina ya kumbura kamar salka.

Gidanmu a Birnin Damagaram gidan dukawa ne. Zaurenmu kullum warin jima, ni aikina ɗebo ruwa da shanya fatu. Baba kan ƙawata saman matashin fata da zane mai gefe shida, irin ramin saƙar zuma. Ba ya da ma'auni sai zare. Ya kafa basilla a tsakiya, ya zagaya da zaren ya fitar da da'ira, sannan ya bi bakinta da tsawon zaren nan ɗaya, sau shida cif ya dawo inda ya fara. In ya ja layi daga kowace kusurwa zuwa tsakiya, sai ga alwatika shida, duk kansu ɗaya. Wana Mamman, wanda ba a kai shi lakwal ba, ya iya wannan ko ido rufe.

Ni kuwa na raina zaren. Malaminmu na lakwal, da muke kira Mushe, ya ce mana gefe shida daidai wa daida, ban tsaya jin sauran ba. Da su Baba suka tafi masallaci na ce ciwon ciki nake. Na fito da ma'aunina na katako, na auna gefe shida, ban yi da'ira ba, na yanka. Gefen sun yi daidai, amma kusurwoyin suka karkace, abin ya fito kamar ƙwaryar da jaki ya taka. Fatar kuwa ta auren ɗiyar wani aminin Baba ce a Zermu.

Da Baba ya tambaya na ce Yaya Mamman na gani da wuƙa tun da safe. Bai ko bincika ba. "Ɗan lakwal ba ya kuskuren awo," in ji shi. Har yau maganar nan tana tafasa mini zuciya. Shekara talatin yana dukanci, ma'aunin katakon Nasara ya rufe masa ido ga ɗan da ya koya wa aiki da hannunsa! Ya doki Mamman a gaban mutane, ya hana shi taɓa wuƙa. Mamman ya dube ni ya ce, "Malam, Allah ya ƙara ilimi." Da kaka ta yi ya tafi Takieta, bai sake zama a zauren nan ba. Can ya rasu, ni kuwa matsoraci, na je ta'aziyya da bakina a rufe.

Bara jikata ta kawo littafin lissafinta: da'ira, tsawo ɗaya sau shida. Hanyar Baba ce sak, yanzu ita ake ba wa maki. Na nemi zare na gwada mata a ƙasa. Ya fito daidai, amma ba Baba, ba Mamman da zan nuna wa.