Ɓarɓashin Sinadari a Idon Maigidana

Abubuwa da yawa na ƙuruciyata sun shige mini duhu, har sunayen wasu maƙwabtanmu sai na yi ta lalube kafin in tuno. Amma ranar da almakashin maigidana ya karye, har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ita ba.

A Yakasai muke zaune a lokacin, Turawa ba su kai ga tafiya ba. Maigidana maƙerin azurfa ne, 'yan kunne da zobba da abin wuya su ne aikinsa. A soron ciki yake zama, inda baƙi ba sa shigowa, shi ya sa nakan kai masa fura in zauna ina kallo, wani lokaci ma in ja masa zuga-zugi. A nan na san sinadari. Azurfa ce ake narkawa da 'yar tagulla don ta riga sauran narkewa, da ita ake liƙe gaɓoɓin aiki. Sai ya buge ta ta yi fale-fale, ya yayyanka ƙanana kamar ƙwayar riɗi. In yankan ya yi girma, sai ya malale ya toshe ado. In ya yi ƙanƙanta, gaɓa ba ta kamawa. Yakan ce rabin ƙira a wannan yankan take.

Wata dattijuwa daga Dukawuya ta aiko da abin wuyan da ta gada wurin mahaifiyarta, sarƙar ta tsintsinke a wurare da dama. Makka za ta, ayarinsu kuma ya gama shiri, tana so ta bar wa jikarta shi a gyare, don ba ta san ko za ta dawo ba. Ɗan aikenta ya zo da safe ya ce tafiya ta matso. Ko ƙofar gida bai bari ba maigida ya ɗauki almakashin da ya gada wurin mahaifinsa, ya danna sau ɗaya, ƙusar tsakiya ta ɓalle, baki guda ya tsage.

Ya daɗe yana kallonsa. Can ya jawo tabarmar kayan aiki ya baje su a gabansa, yana magana kamar da ni, kamar da kansa. Ya ɗaga magagari, abin goge ƙarfe, ya ajiye, ya ce garin da zai fitar iskar wuta za ta kwashe shi, ga ƙarfen magagarin zai gauraya a ciki. Na ce ko in kawo almakashina na ɗinki.

"Ke dai ajiye abinki," in ji shi. "Na yadi ne. Tauna ƙarfen zai yi, ya karkace, mu yi asara biyu."

Na ce to ya aika a aro na Yaya mana, wato wansa, wanda shi ma maƙeri ne a bayan unguwarmu. Ya ce kafin a je a dawo hantsi ya dubi ludayi, shi kuwa gawayi ya riga ya kama. Hannunsa ya tsaya a kan kurfi, wannan ƙarfe mai kaifin baki da ake ɗorawa a kan abu a doka da guduma. Ya ce ai mutanen da can da shi suke yi.

Ya ɗora sinadarin a kan uwar maƙera ya fara. Ina ji ɓarɓashin na tsalle, ƙil, ƙil, yana bugun bango, wani ya faɗa cikin ƙwaryar fura. Saboda ƙanƙantar abin ya sunkuya sosai, fuskarsa dab da kurfin. Ya sake dokawa, sai na ga gudumar ta suɓuce, ya dafe idon dama da hannu biyu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Bai yi ihu ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Hawaye kawai ke bin tsakanin yatsunsa. Na ƙwala wa Inna kira, surukata ke nan, ta fito da gudu ko mayafi babu. Ta buɗe idon da yatsu ta hura, ta kuma hurawa. Idon ya yi jawur kamar gauta, a gefen baƙin kuma ga wani ɗan abu yana ƙyalli, ya kafe. Ina goyo a lokacin, ta ce in tatso nono. Na tatsa a cokali, aka ɗiga masa, abin ko motsi.

Kafin wani lokaci soro ya cika, ni kuma na koma bayan ƙyaure ina leƙe. Wani maƙwabcinmu mai gyaran keke ya kawo maganaɗisu, ya kara a idon ya yi ta juyawa. Maigida ya ce da shi:

"Malam, bar wahalar da kanka. In sinadari ne ba zai biyo ba, azurfa ba ta bin maganaɗisu."

Sai kuma wani abu ya faɗo masa. Ya ce a miƙa mini kurfin in duba bakinsa a haske, tunda ni na san kamanninsa. Na fita tsakar gida na ɗaga shi a rana. A bakin, can gefe, ga wani ɗan giɓi. Na yi ta juya shi ina ƙoƙarin tuno ko dama can yana nan, ko yanzu ya ɓalle, wallahi na kasa. Na san abin da yake tsoro, don na sha jin maƙera na faɗa: in baƙin ƙarfe ne ya nutse a ido, tsatsa yake yi, ya ci idon, wani lokaci har ya taɓa ɗayan.

"Me kika gani?" maigida ya tambaya daga ciki.

Na so in ce lafiya lau, bakina ya ƙi. Na ce, "Malam, akwai giɓi."



Ana cikin haka Yaya ya iso, nan kuma gardama ta tashi. Inna ta ce a kira wata tsohuwa da ke cire abu a ido da harshe, ta ce ko tsakuwa ce lashe ta take yi. Yaya ya ce wannan ba ƙura ba ce, abu ne da ya soki ido, a kai shi asibitin ido da ke wajen ganuwa.

"Wurin Nasara?" in ji Inna. "Su da aka ce ƙwaƙule ido suke yi su sa na tunkiya? Da raina ba za a kai shi ba."

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Yaya. "Na ga wanda aka kai a makance ya dawo da ƙafarsa ba ɗan jagora."

Ta juyo gare ni. "Ke ba ki da baki ne? Mijinki ne fa."

Yarinya ce ni, ban taɓa musa mata ba tun da aka kawo ni gidan. Amma giɓin nan na gani da idona. Na durƙusa na ce, "Inna, ki bari a kai shi." Ta kalle ni har na raina kaina, ta juya ta shige ɗaki. Yaya ya ɗaure wa maigida fuska da rawani, ya ɗora shi a bayan keke, suka nufi Ƙofar Mata.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Na ɗora tukunya na manta ban hura wuta ba. Duk keken da ya wuce a lungu sai in miƙe. In na rufe ido sai in hango shi zaune a soro, sai an yi masa jagora zuwa masallaci, mutumin da ke zura waya siririya kamar gashi ba tare da ya ƙifta ba. Sai kuma in tuna ni ce na sa baki aka kai shi, in wani abu ya faru, da wane ido zan dubi Inna? Ita kuwa tana ɗaki, carbi kawai nake jin yana ƙas-ƙas. Da azahar na kai mata ruwan alwala, ban zaci za ta kula ni ba, sai ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita.

Bayan la'asar suka dawo, an naɗe masa rabin kai da farin bandeji. Yaya ya kwance bakin rigarsa ya fito da 'yar auduga, a tsakiyarta ga abin, bai kai ƙwayar riɗi ba. Maigida ya ce in goga shi a dutsen gwaji in faɗa masa launin zanen. Na goga. Fari ne tas, da ɗan ruwan ɗorawa.

"Sinadari ne," na ce, sai kuka ya ƙwace mini.

Duk da haka hankali bai kwanta ba, domin likita ya ce ba za a san ko idon zai gani ba sai an kwance. Yaya ya ɗauki abin wuyan dattijuwar ya kai maƙerarsa ya gyara, aka kai mata kafin ayari ya tashi. Maigida kuwa ya zauna a ɗaki cikin duhu, ba aiki, ba hira. Wata rana na tarar yana ƙoƙarin zura zare a allura da ido ɗaya, yana kuskurewa, yana sakewa. Na koma da baya a hankali don kada ya san na gani.

Ranar kwancewa, da suka dawo daga asibiti, tun daga soro na ji muryarsa yana tsokanar Inna, wai ta zo ta duba ko na tunkiya aka sa masa. Idon ya gani. Ɗan farin tabo ya rage a gefe, kuma har ya koma ga Allah hasken rana na sa shi hawaye, amma ya gani.

Bai taɓa azurfa ba sai da ya je wurin maƙeran baƙin ƙarfe ya zauna a kansu suka ƙera masa almakashi yadda yake so: gajeren baki mai kauri, dogayen hannuwa, don ya yanka ba tare da an yi ƙarfi ba. Wanda suka fara yi ya mayar, ya ce bakin ba ya haɗuwa a tsini. Da na biyun ya zo, ya buge sinadari ya yi laushi kamar ganye, ya tsattsaga bakinsa kamar matsefi, ya sa hannuwansa cikin ƙwarya mai zurfi, ya tare da ɗan yatsa, sannan ya yanka a gicciye. Ina tsaye, idona a kan fuskarsa. 'Yan ƙwayoyin suka zuba a gindin ƙwaryar, shuu, ko ɗaya bai yi tsalle ba.

Yau jikokina wasu tela, wasu makanikai, ba mai ƙira a cikinsu. Amma duk wanda na gani ya rarumi abin da ke kusa don sauri, sai na tsayar da shi. Abin da na koya shi ne, in kayan da ya dace da aiki ba ya hannunka, tashi ka nemo, ko da wuta za ta mutu. Wuta ana sake hura ta, aiki yana jira, mai aiki ma yakan yi haƙuri. Ido kuwa, ba maƙerin da ke ƙera shi.