Motar da Badaru Ya Sa Aka Sauke

Badaru ɗan wani ƙauye ne a arewacin Bici, kuma shi ne na farko a gidansu da ya sa kaki. Ranar da aka ɗauke shi aikin shige da fice, mahaifiyarsa Inna Fadima ta yi ta rabon waina har maƙwabtan gari.

An tura shi wani shinge a kan iyaka. Can ya ga yadda ake yi. Akwai motocin da in sun iso, ogansu Ɗan Iya yakan ɗaga hannu kawai, kowa ya kau da kai. Badaru ma ya daɗe yana kau da kai. Sai wata rana da azahar, wata mota ɗauke da buhunan dawa ta tsaya a zuba mata ruwa, ya ji ana buga katako daga ƙarƙashin buhuna. Ya sa aka sauke kayan. Mutane ne jere a kwance, numfashi da ƙyar. Wata mata ma ta riga ta cika.

Da masu bincike suka zo, ya faɗi abin da ya gani, har da wanda ke ɗaga hannu. Aka ce ya koma gida, za a kira shi gaban kwamiti.

Lokacin kaka ne. Ya dawo daga yankan gero ya tarar da Ɗan Iya zaune a soro, Inna ta ajiye masa fura.

"Ga abokin aikinka," in ji ta. "Mutumin kirki, tun ɗazu yake jiranka."

Da ta shige ciki, Ɗan Iya ya yi murmushi. "Gero ya yi kyau, na biyo ta gonarka. Na kuma ga iyalinka tana dawowa daga awo. Hanyar nan ba mutane, ka riƙa sa a raka ta."

Badaru ya dube shi. "Yallaɓai, wa ya nuna maka gidan?"

"Haba! Ai yanzu kowa ya san gidanka."

Washegari Badaru ya kai matarsa Nana Aisha gidan iyayenta a Minjibir. Bai gaya wa Inna dalili ba. Da kwamiti ya kira shi, ya je ya maimaita maganarsa ba ragi.

An dakatar da Ɗan Iya, aka kama direbobi. Shi Badaru har yau ana ce masa ya ƙara haƙuri, ba a mayar da shi aiki ba. Nana Aisha ta haihu a can, aka yi suna ba taro. Yakan je ganin jaririn, amma ba ya bin hanya ɗaya a zuwa da dawowa.

Kwanan baya wasu baƙi a kan babur suka tsaya wajen mai shayi, suna tambayar wane masallaci Badaru ke sallar asuba. Mai shayin ya ce bai sani ba. Suka yi godiya, suka ce za su dawo.