Tsohuwar da ke Neman Waƙa Mai Tsabta

Mai shagon tura waƙoƙi ya kasa ɗauke ido daga tsohuwar nan. Siririya ce, gilashinta ɗaure da zare, tana karkato kai duk sanda aka yi mata magana. Ba ta son waƙar da aka matse don ta shiga waya, sai mai nauyi, wadda ake jin numfashin mawaƙi a ciki. Tana zaɓen ta sarewa, ta piyano, har da ta samarin zamani.

Ko malamar makaranta ce a da? Ko matar makaɗi? Ya rasa gane ta.

"Iya, duk wannan ke kaɗai?"

"Likita ya ce kunnen da ya rage min ya kusa ritaya, ɗana. Guzuri nake yi."

Ta lumshe ido, ƙafarta tana bin kiɗan.