Rawanin Kawu a bakin bafle

Jitata tana ƙara kamar ana kankare tukunya, ga 'yan biki sun cika fili a Dakoro. Na haɗa ta da ɗan akwatin da ke kwaikwayon muryar ampli, wato na'urar ƙara sautin jita, sautin yana fita ta babban bafle, lasifikar biki. Mata har sun fara tashi za su tafi.

Kawu Agali, wanda ya koya mini kiɗa, ya nuna ƙaramin bakin da ke saman baflen.

"Ɗana, amplin jita ba shi da wannan. Shi ke yanka kunne."

Ya ɗauko tsohon rawani daga jakarsa, ya ninke, ya rufe bakin. Da na taɓa tsirkiya, taushin muryar ya tada mini tsigar jiki. Matan suka koma tabarma.

Makaɗa, ku da me kuke lallashin taku?