Ƙanwata Mai Guga da Jan Ruwa

Da sunan Allah nake farawa, shi ne shaidata a kan abin da zan faɗa. Labarin ƙanwata nake so a rubuta, wadda duk layinmu ake ce wa Mai Guga. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goya ta. Tun da mijinta ya rasu, Allah ya jiƙansa, da wanki da guga ta riƙe 'ya'yanta. Hannun nan nata duk sabulu ya cinye shi.

Babban aikinta shi ne zannuwan gado na wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke bakin titi. Farare tas. Da su take riƙe ɗakin haya, da su take ci. Sharaɗin babbar nas ɗin wurin shi ne ban da dutsen gawayi, saboda toka, sai na lantarki. Kuma an riga an ja mata kunne a kan makara, an ce in ta sake za a ba wani.

To, mu a nan ruwa da wuta kamar sun yi rantsuwa ba za su haɗu a gida ɗaya ba. In an kawo wuta, famfo a bushe. In ruwa ya zo, to kaya za su bushe su gaji da jiran dutse. Ruwan ma ba ya da ƙarfin hawa, shi ya sa kowa ya sa aka yanke bututunsa aka dawo da kan famfo ƙasa, dab da siminti. Ita nata a cikin ɗaki yake, a lungun bayan ƙofa. Kuma ba mai rufe famfo a layinmu. A buɗe ake barinsa, a sa kwanon ƙarfe a ƙasa, don in ya fara tari a ji. Wanda ya rufe nasa, sai dai ya ga maƙwabta suna shanya.

A lokacin nan an daɗe ba ruwa, har mun daina sa rai. Wurin masu turo ruwa a kura ta saya ta wanke zannuwan. Ranar da za ta kai, Allah ya taimake ta aka kawo wuta da hantsi. Ko karyawa ba ta yi ba, ta shimfiɗa bargo a ƙasa ta hau guga, tana yi tana ɗaga kai tana duban ƙwan lantarki. Ta gama, ta jera su a kan tabarma. Sai ni, ni da kaina, na leƙo na ce ta raka ni dubiyar wata tsohuwa a bayan layi, yanzu za mu dawo. Ta ce, "Yaya, ke yanzunki ba ya ƙarewa." Ta dai sa kwaɗo muka tafi.

Muna can aka saki ruwa. Da ƙarfi kuwa, irin wanda ba mu taɓa gani ba. Kuma ruwan farko bayan an daɗe ja ne, tsatsa da laka. Muka dawo muka tarar yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofarta. Kowa na gidan yana kan nasa famfon da bokiti, ba wanda ya yi tunanin fasa kwaɗon. Matar mai gidan ma cewa ta yi ai ta ɗauka Mai Guga ce take wanke ɗaki, har tana cewa yau an samu wuri.

Zannuwan nan sun sha sun ƙoshi. Ba ta yi kuka ba, ta tsuguna ta ce in miƙo baho mu sake. Kafin mu kwashe na ƙasa, famfon ya yi tari ya ɗauke. Wutar ma ta bi shi.

Na raka ta asibitin hannu rabbana. Ta yi bayani tiryan-tiryan, ni ma na sa baki na ce ni na ja ta. Babbar nas ta saurara, ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta sani, ita ma a buɗe ta baro nata famfon. Sannan ta ce, "Mama, ina da mata biyu suna naƙuda, a kan roba zan kwantar da su?"

Aka ba wani shago mai rijiyar burtsatse da janareta aikin. Na ce mu je ofishin masu ruwa, ta ce mu je mu ce musu me, sun ba mu ruwa?

Yanzu a shagon nan take guga, a tsaye, daga safe har la'asar sakaliya, ita da gwiwarta ke ciwo. Ɗakin ta sake shi, tana wurina ita da autarta. Na san komai rubutacce ne, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma waɗanda aka ɗora wa amanar ruwa da wutar garin nan, akwai ranar da za a tsayar da mu da su, kuma ni zan yi magana.